Daga VGA Zuwa USB-C: Tarihin Rashin Jituwar Laftof da Monita

Idan ka taɓa jona laftof ɗinka da monita, ko talabijin, ko majigi, allon ya tsaya baƙi ƙirin yana ce maka babu siginal, to ka san irin takaicin. Waya ta shiga daidai, na'urorin biyu a kunne suke, kowace lafiyarta ƙalau in ita kaɗai ce, amma sun ƙi kula juna. Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce laftof ɗin ne ya samu matsala, wani ya ce monitar ce ta mutu, wani kuma ya nufi kasuwa ya sayo adafta biyu ko uku, a ƙarshe babu wadda ta yi. Kuɗi sun tafi, lokaci ya tafi, in kuwa ɗalibi ne da zai kare kundin bincikensa a gaban malamai, abin ya wuce batun kuɗi.

Sau da yawa babu abin da ya lalace. Ramukan nan da kake gani a gefen kwamfutarka ba lokaci guda aka ƙirƙire su ba, ba mutane ɗaya suka ƙirƙire su ba, kuma ba buƙata ɗaya aka yi su domin ta ba. Tsakanin mafi tsufa a cikinsu, wato VGA, da autansu, USB-C, akwai shekara 27. Kowanne ya zo da yarensa, kuma ya bar mana irin tasa matsalar. In ka san yadda suka zo ɗaya bayan ɗaya, za ka san inda ya kamata ka fara dubawa ranar da allo ya ƙi kawowa.

1987: shuɗin kai mai tsinke 15

A watan Afrilun 1987 kamfanin IBM na Amurka ya fito da wasu kwamfutoci da ya kira PS/2. Da su aka fara ganin ramin VGA, mai tsinke 15 a jere uku, da kusoshi biyu na ɗaurewa a gefe. Asali ma sunan na guntun na'urar da ke haɗa hoton ne a cikin kwamfutar, daga baya ya bi ramin da wayar.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, tsarin da IBM ke amfani da shi kafin VGA na dijital ne. CGA na 1981 da EGA na 1984 duk a kunne-ko-a-kashe suke aika saƙo ta kowace waya. Illar hakan, in kana son ƙarin launuka sai ka ƙara wayoyi, shi ya sa EGA bai wuce launi 64 ba. Sai IBM ya canza dabara: waya ɗaya ga ja, ɗaya ga kore, ɗaya ga shuɗi, kowace tana ɗauke da wutar da ke hawa da sauka tsakanin sifili da bolt 0.7. Yawan wutar shi ne hasken launin. Wannan shi ake kira analog, kuma ya dace da monitocin wancan zamani, masu ƙaton ƙeyar nan, domin su ma da hawa da saukar wuta suke zana hoto. Da wannan dabara launukan da za a iya zaɓa suka kai 262,144.

To ga gadon da VGA ya bar maka. Tunda yawan wutar shi ne saƙon, duk abin da ya taɓa wutar ya taɓa hoton. Waya ta yi tsawo da yawa ko ba ta da inganci, sai ka ga rubutu yana da inuwa ko hoto yana rawa. Tsinke ɗaya ya lanƙwashe, sai launi guda ya ɓace: in na shuɗi ne allon ya koma rawaya-rawaya, in na kore ne ya koma ruwan hoda mai duhu. Wannan ba cutar monita ba ce, zare wayar ka leƙa tsinkayen. Sannan VGA bai taɓa ɗaukar sauti ba, ba a yi masa hanyarsa ba tun farko. Duk wanda ke neman sauti ta shuɗin kan nan, yana neman abin da babu ne.

1994: aka koya wa monita gabatar da kanta

A shekarun farko kwamfuta ba ta da cikakkiyar hanyar sanin ƙarfin monitar da aka jona mata. Kai ne za ka zaɓi girman hoto da saurinsa da hannunka, in ka zaɓi wanda ya fi ƙarfinta hoton ya hargitse, wasu tsofaffin ma kan iya lalacewa. A 1994 ƙungiyar VESA, wadda kamfanonin ƙera kayan nuna hoto suka kafa a ƙarshen shekarun 1980, ta fitar da mafita da ake kira EDID.

Ɗan bayani ne ƙarami, bait 128 kacal a asalinsa, da ake ajiyewa cikin monitar. Yana ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera ta, da samfurinta, da shekarar da aka yi ta, da jerin girman hoton da za ta iya karɓa. Da ka jona waya, kafin ɗigon hoto ko ɗaya ya wuce, kwamfuta za ta tambaya, monita ta miƙo wannan bayani. Kamar dai baƙo ne ya yi sallama, aka tambaye shi daga ina, ya faɗi sunansa da na garinsu, sannan aka san irin shimfiɗar da za a yi masa. A wayar VGA, tsinke na 12 da na 15 aka ware wa wannan gaisuwa.

Duk tsarin da ya biyo baya ya gaji EDID, har yau da shi ake aiki. Saboda haka in ka ga hoto ya fito a baje, mutane sun yi gajeru sun yi faɗi, ko kwamfuta ta ƙi ba ka girman da ka san monitar tana da shi, ko monitar ta rubuta maka cewa abin da ake aiko mata ya wuce iyakarta, mafi yawan lokuta gaisuwar ce ba ta isa ba. Wata araharriyar waya, ko na'urar raba hoto gida biyu, ko adaftar da ke tsakani ce ta haɗiye bayanin. Cire duk abin da ke tsakani, ka jona kai tsaye, ka gani.

1999: DVI, gadar da aka gina tsakanin zamani biyu

Da monitoci masu sirara suka fara yawa a ƙarshen shekarun 1990, sai VGA ya zama wahalar banza. Kwamfuta da lambobi take haɗa hoto, siririyar monita ma da lambobi take nuna shi. Amma sai a mayar da lambobin zuwa hawa da saukar wuta, su bi waya, can kuma a sake mayar da su lambobi. Tafinta biyu ke nan tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya, kuma a kowace fassara ana asarar wani abu. Maɓallin nan na daidaita hoto da kansa da kake gani a jikin tsofaffin monitoci, aikinsa ke nan: gyara ɓarnar fassarar.

A 1999 wasu kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da IBM da HP da Compaq da Silicon Image, suka fitar da DVI, farin kan nan mai faɗi. Da yake ba sa son su yar da masu tsofaffin monitoci, sai suka yi shi iri uku: DVI-D na dijital zalla, DVI-A na analog zalla, da DVI-I mai ɗauke da duka biyun. A nan aka fara shuka rikicin da muke girba har yau, wato kai ya yi kama da kai amma abin da ke bi ta ciki daban. 'Yar adaftar DVI zuwa VGA tana aiki a ramin DVI-I, domin akwai analog ɗin a ciki, tana karkato shi ne kawai. A ramin DVI-D kuwa babu abin da za ta karkato.

2002: HDMI, ɗan falo da ya shigo ofis

Shi HDMI ba 'yan kwamfuta ne suka yi shi ba. A watan Disambar 2002 kamfanonin talabijin da kayan kallo, Sony da Panasonic da Philips da Toshiba da Hitachi da Thomson, tare da Silicon Image, suka fitar da shi don haɗa na'urar kallon faifai da talabijin. Sun ɗauki hanyar aika hoto ta DVI yadda take, suka ƙara mata sauti, suka matse ta cikin ƙaramin kai mai tsinke 19. Shi ya sa wayar da ke da HDMI a kai ɗaya, DVI-D a ɗaya kan, take aiki ba tare da wata dabara ba. Yarensu ɗaya.

Amma da yake a falo aka haife shi, ya taho da ɗabi'un falo. Na farko, talabijin tun zamanin da yana yanke gefen hoto kaɗan, domin a tsohon tsarin watsa shirye-shirye gefen ba shi da tsafta. A fim ba za ka lura ba, amma ka jona laftof sai ka tarar layin ƙasa na Windows ya nutse. Gyaran yana cikin saitin girman hoto na talabijin ɗin. Na biyu, a tsarin talabijin haske yana tafiya ne daga lamba 16 zuwa 235, a na kwamfuta kuwa daga 0 zuwa 255. In ɓangarorin biyu suka saɓa a kan wanne ake bi, baƙi ya koma toka-toka, hoto ya kwashe kamar an wanke shi.

Na uku shi ne mai gadi. Kamfanonin fim na Amurka sun ji tsoron a riƙa kwafar finafinansu ta wayar dijital ba tare da hoton ya ragu ba, don haka HDMI ya taho da HDCP, wani tsarin kulle saƙo da Intel ya ƙirƙira. Na'urorin biyu sai sun tabbatar wa juna cewa suna da izini kafin fim mai kariya ya wuce. In ka ga komai na laftof ɗinka yana fitowa a babban allo, amma da ka buɗe fim a Netflix wurin ya yi baƙi ko ya kawo saƙon kuskure, to mai gadin ne ya hana, galibi saboda akwai adafta ko tsohuwar na'ura a hanya da ba ta san kalmar sirrin ba.

Akwai kuma batun faɗin hanya. Siffar ramin HDMI ba ta canza ba tun 2002, amma abin da yake iya ɗauka ya canza sosai. HDMI 1.4 na 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, 2.0 na 2013 ya kai 18, 2.1 na 2017 ya kai 48. Yi lissafin da kanka. Hoton VGA na asali ɗigo 640 ne sau 480, wato 307,200. Na 4K kuwa 3,840 sau 2,160 ne, wato 8,294,400, ninki 27 cif. Kowane ɗigo yana cin bit 24, in za a sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa ana buƙatar kusan gigabit 12, ban da ƙarin da tsarin ke ɗorawa. Ramin 1.4 ba zai iya ba, sai ya sauko zuwa sau 30. Shi ya sa wani zai sayi sabuwar monita mai tsada ya jona da tsohon laftof, ya ga kibiyar linzami tana tafiya tana ɗingishi. Monitar ba ta da laifi, hanyar ce ƙarama.

2006: 'yan kwamfuta suka yi nasu

Kamfanonin kwamfuta ba su ji daɗin dogaro da tsarin 'yan talabijin ba, ga shi kuma duk mai sa HDMI a kayansa sai ya biya kuɗin lasisi. A 2006 VESA ta fitar da DisplayPort, mai tsinke 20, mai kusurwa ɗaya a yanke, wanda yawancin wayoyinsa ke da 'yar ƙugiya da sai ka danna kafin ka zare. Yaren nasa daban ne gaba ɗaya: a ƙunshi-ƙunshi yake aika hoto, kamar yadda bayanai ke tafiya a intanet.

Don kada a raba gari da HDMI, aka ba wa yawancin ramukan DisplayPort na kwamfuta damar juya harshe. In suka ji an jona musu adaftar HDMI, sai su koma yi mata yarenta. Alamar DP++ da kake gani a gefen wasu ramuka, ma'anarta ke nan. Sai dai ramin HDMI shi bai iya yaren DisplayPort ba. Wannan ne ya sa wayar DisplayPort zuwa HDMI hanya ɗaya take bi: daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI. Ka juya ta, laftof mai HDMI zuwa monita mai DisplayPort, kawunan za su shiga lafiya lau, hoto kuwa ko alama.

Kamfanin Apple ya ƙara wa miyar gishiri. A 2008 ya fito da ƙaramin DisplayPort, a 2011 kuma shi da Intel suka fito da Thunderbolt a cikin wannan ramin dai, siffa ɗaya sak. Monitar Apple mai Thunderbolt ba ta aiki a tsohon ramin, duk da kan yana shiga.

2010: aka yanke wa VGA wa'adi, ya ƙi tafiya

A watan Disambar 2010 Intel da AMD, tare da Dell da Lenovo da Samsung da LG, suka sanar cewa za su janye daga VGA, suka sa 2015 a matsayin wa'adi. Haka kuwa aka yi, ƙwaƙwalen kwamfuta da Intel ya fitar a 2015 ba sa fitar da siginal ɗin VGA da kansu, laftof kuma suka yi ta sirancewa har ramin ya daina samun wuri.

Amma majigi da monita sun fi laftof tsawon rai. A ɗakunan lacca da ofisoshi da shagunan buga takardu na ƙasashenmu, inda kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suka yi yawa, shuɗin kan nan yana nan daram. Ke nan mu ne muka fi kowa zama a kan iyakar zamani biyu, laftof na bayan 2015 da majigi mai yaren 1987.

A nan ka kula sosai. HDMI dijital ne, VGA analog, babu yadda za a yi zallar waya ta haɗa su. Dole sai da ɗan guntun na'ura a tsakani mai yin fassara, shi ne ƙullutun da kake gani a jikin adaftar kirki. Wayar da ke da HDMI a kai ɗaya, VGA a ɗaya kan, ba tare da wannan tafinta a ciki ba, ba za ta yi maka aiki a laftof ba. Tafintan kuma hanya ɗaya ya iya: na HDMI zuwa VGA daban, na VGA zuwa HDMI daban. Sannan yana cin wuta, daga tsinke na 18 na ramin HDMI yake sha, wanda 'yar wuta kaɗan aka tsara ya bayar. In ba ta ishe shi ba hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Shi ya sa wasu adaftocin ke da ɗan ramin caja a gefe. Ba ado ba ne, jona masa wuta.

2014: rami ɗaya, yare barkatai

A watan Agustan 2014 aka fitar da USB-C, mai tsinke 24, wanda ko ta wane gefe ka soka zai shiga. Burin shi ne rami ɗaya ya wadatar: caji, bayanai, hoto. Wata guda bayan haka VESA ta fitar da tsarin da ke ba DisplayPort damar bi ta cikinsa, a 2015 kuma Thunderbolt 3 ya koma wannan ramin.

Matsalar ita ce, fitar da hoto ta USB-C zaɓi ne, ba tilas ba. Kamfani yana iya sa ramin a laftof ɗinsa ba tare da ya haɗa shi da sashen hoto ba, kuma laftof masu sauƙin kuɗi da yawa haka suke. Har a laftof ɗaya kana iya samun rami biyu, ɗaya yana fitar da hoto ɗaya ba ya yi. Duba gefen ramin: alamar walƙiya mai kan kibiya tana nufin Thunderbolt, alamar D mai P a ciki tana nufin DisplayPort. In babu alama, sai ka nemi bayanin samfurin laftof ɗinka a shafin kamfanin.

Wayar ma haka. Yawancin wayoyin USB-C da ke zuwa da cajar wayar hannu ba su da siraran wayoyin ciki masu ɗaukar saƙo mai sauri, caji da ƙananan bayanai kawai suke iyawa. A ido ba ka bambance su. Sannan hanyoyi huɗu masu sauri ne a cikin ramin. 'Yan akwatunan nan masu ramuka da yawa sukan ba hoto biyu, su bar wa USB biyu, shi ya sa 4K ta cikinsu yakan tsaya a sau 30 a laftof da yawa. Wani lokacin kuma iyakar daga can cikin kwamfutar take: MacBook Air mai M1 na 2020 monita ɗaya tak aka tsara ya ɗauka a waje, ko ramuka nawa akwatin ke da su.

Tarayyar Turai ta yi dokar da ta wajabta USB-C a wayoyin hannu daga ƙarshen Disambar 2024, ta kuma sa wa laftof watan Afrilun 2026. Amma dokar ta caji ce, ba ta ce komai a kan hoto ba. Ramin zai ƙara yawa, ruɗanin kuma yana nan.

To, ranar da allo ya ƙi kawowa

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Tabbatar monitar tana sauraron ramin da ka jona, domin mai ramuka uku ba lallai ta gane da kanta ba, sai ka zaɓa mata ta maɓallin shigarwa. A Windows danna maɓallin Windows tare da P, gajeriyar hanyar da ta zo da Windows 7 a 2009, ka zaɓi kwafi ko faɗaɗawa. Zare wayar ka mayar, don a sake gaisawa daga farko.

In bai yi ba, tambayi kanka abu huɗu. Wane yare ne ke fita daga laftof, wanne allon ke ji? In ɗaya analog ne ɗaya dijital, akwai tafinta a tsakani, kuma ta ɓangaren da ya dace yake fuskanta? In USB-C ne, ramin yana fitar da hoto, wayar kuma tana ɗaukarsa? In hoton ya zo amma ba yadda kake so ba, wanne ne mafi tsufa a cikin ukun, laftof ko waya ko monita? Shi ne ke yanke iyaka. Bayan nan ne za ka sabunta manhajar sashen hoto, ka gwada wata waya, ka gwada laftof ɗin a wani allo. Sai duk waɗannan sun gaza sannan batun mai gyara ya taso.

In kuma sayen adafta za ka je, kada ka ce wa mai shago kawai kana son ta HDMI da VGA. Faɗa masa wanne ne a laftof, wanne ne a allo, in da hali ma ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka kafin ka biya.